Sunayen Mazauna Bakin Ruwa: Daga Hayin Banki zuwa Tsibirin Karita

Mai binciken sunan wuri yakan fara da tambayar ma'anarsa. Amma akwai wata tambaya da ta riga wannan, watau wane ne ya raɗa sunan, kuma a ina yake tsaye sa'ad da ya raɗa shi.

A ɗauki Hayin Banki, unguwar nan ta arewacin Kaduna. Kalmar hayi tana nufin tudun da ke ƙetaren rafi ko kwari. To, wuri ba ya zama hayi sai a idon wanda ke wannan gefe yana hangen wancan. Ashe sunan daga bakin maƙwabta ya fito. Kalmar banki kuwa ta aro ce daga Turanci, saboda haka sunan ba zai girmi zuwan Turawa ba, balle ma garin kansa bai zama hedkwatar Arewa ba sai a 1917, bayan an taso daga Zungeru. Sunan kogin ne tsoho. Galibi akan ce jam'in kada ne, amma akwai masu cewa kalmar Gwari ce mai nufin kogi, Hausawa suka karkatar da ita zuwa abin da kunnensu ya sani. Ni dai ban ga dalilin raina magana ta biyun ba, gama Gwarawa sun riga Hausawa zama a nan.

Al'amarin ya fi fitowa fili a ƙasar Yawuri. Mutanen da suka zauna a tsibiran Kwara, suna su, suna noma, suna tuƙa jiragen ruwa, Hausawa suka kira su Gungawa, daga gungu, watau tsibiri, da ɗafin -awa na jama'a. Su kuwa Reshe suke kiran kansu. Sunan Gungawa bai gaya mana kome game da asalinsu ko harshensu ba, sai dai inda baƙo ya tarar da su. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye da yawa daga tsibiran, aka mai da mutanen tudu, ga shi har yau Gungawa ake ce musu.

Irin wannan ne ya sami mutanen dā na Karita, tsibirin da ke Bahar Rum, waɗanda suka yi fatauci ta teku tun shekara dubu biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Arthur Evans, wanda ya fara tonon kufan Knossos a 1900, shi ya yaɗa sunan Minowa a kansu, daga Minos, wani sarki na tatsuniyoyin Girkawa. Misrawa kuwa Keftiu suke ce wa ƙasar. Duk biyun sunayen waje ne. Har wa yau akwai tashoshin jiragen ruwa da Girkawa suka kira Minoa, a tsibirin Amorgos da kuma Sisili, wasu masana suka ɗauke su shaidar mulkin teku. Wannan hujja tana da rauni, don ba a rasa mai raɗa wa gari suna saboda labarin da ya ji kawai.

Shaida mai ƙarfi tana cikin sunayen garuruwan Karita kansu: Knossos, da Tylissos, da Amnisos, mashigin jiragen Knossos. Ƙarshensu ba na harshen Girka ba ne. Da Michael Ventris ya warware rubutun Linear B a 1952, sai aka ga harshen allunan tsohon Girkanci ne, amma ga garuruwan a ciki da sunayensu na dā, ko-no-so, a-mi-ni-so, tu-ri-so. Watau Girkawa sun karɓe mulki, sun bar sunayen kamar yadda suka tarar. An kuma sami wasunsu rubuce a gindin wani mutum-mutumi na Fir'auna Amenhotep na Uku a Masar. Rubutun mutanen na kansu, Linear A, har yanzu ba a fahimci harshensa ba.

Mu namu aikin ya fi sauƙi ta fuska ɗaya. Masu jin harshen Reshe suna nan da rai, ko da yake Hausa tana cin harshen a bakin yara. Malamin da ke koyarwa a Yawuri yana iya zama da tsofaffin masunta, ya rubuta sunan kowane tsibiri da mashigi yadda suke faɗinsa, da karin sautinsa, ya sa na Hausa a gefe.