Tanda ɗaya, masa biyu

Mata biyu za su zauna a gefen titin Sama Road da sassafe, tandarsu iri ɗaya, shinkafarsu daga kasuwa ɗaya, amma sai layi ya taru a gaban ɗaya, ɗayar kuwa tana korar ƙuda har hantsi. Wanda ya gane dalilin haka ya kusa raba gardamar da samari masu son mota ke yi kan tseren miƙe, wanda motoci biyu ke tashi tare su ruga kan miƙaƙƙiyar hanya: inji ke cin tsere, ko kuɗi, ko hannun masu gyara?

Gidan wannan wasa Amurka ne, inda Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951. Manyan motocinsu, waɗanda suke kira Top Fuel, suna da ƙarfin doki wajen 11,000, suna cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Sai dai hukumar ta ƙayyade girman inji da irin man da za a sha. Kusan kowa da tanda iri ɗaya yake zuwa.

To, daga nan sai hannu. Gwanar masa ta san ƙullun hunturu ba ya tashi da wuri, na bazara kuwa, a zafin Sakkwato, in an yi sake sai ya yi tsami kafin asuba. Tana duban yadda mai ke motsi a ramin tanda ta san ko za ta janye itace ko ta tura. Wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye. Ta yi kaɗan, masa ta sha mai ta kwanta. Aikin shugaban makanikai ke nan babu bambanci. Kafin kowane karo zai auna zafin kwalta da laimar iska, sannan ya saita kuloci da yawan mai. In ya sakar wa taya ƙarfin da ya fi abin da kwalta za ta riƙe, sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana hayaƙi. In ya yi rowa, abokin karawa ya wuce. Kuma tsakanin karo da karo yaransa sukan warware injin su mayar cikin kamar awa ɗaya, ƙusa ɗaya ta yi sako-sako a yi asarar komai.

Dubi direba John Force. Ya daɗe yana shan kaye kafin Austin Coil ya karɓi gyaran motarsa a 1985. A 1987 ya ci gasarsa ta farko, a 1990 ya ɗauki kambin shekara, kuma 15 daga cikin kambinsa 16 da Coil ya same su. Coil ɗin nan ya riga ya ci kambi a 1982 da 1983 da direba Frank Hawley, a tawagar da ba ta da wani ƙarfin aljihu.

Kada dai a raina kuɗi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Komai iyawar mai masa, ranar da jari ya karye tanda kifewa take yi. Shugaban makanikai Alan Johnson, da kuɗin Al-Anabi na Ƙatar a bayansa, ya ci kambi a 2010 da 2011 da 2013, kowanne da direba dabam. Da aka janye kuɗin a farkon 2015, motarsa ta ci gasar buɗe shekara, amma kafin shekarar ta ƙare dole ya ajiye ta.

A ganina kuɗi ke kai mutum fili su kuma riƙe shi a can, amma in an jeru, hannu ke raba gardama. Shi ya sa abin da ake yi a garuruwanmu yake damuna: mutum ya zuba miliyoyi a mota da kayan gyara, sannan ya tsaya yana ciniki da makanike kan ɗan abin da bai kai kuɗin mai ba. Masu hali, ku biya gwani haƙƙinsa, ku taimaka wa yaran gareji su koyi aiki sosai. Samari kuma, don Allah, a nemi keɓaɓɓen fili da izinin hukuma. Titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ba wurin gwada inji ba ne.