Bashin Banki a Ingila da Katin da Aka Ce Babu Ruwa

Kwanakin baya, bayan an tashi daga sujada, wata uwa daga cikin zumuntar mata ta tsayar da mu a bakin ƙofa, riƙe da wayarta. 'Yarta, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Ingila tun shekarar 2022, ta aiko da saƙo cewa banki yana bin ta fam 2,000, kuma abokan aikinta sun ba ta shawara ta karɓi wani katin bashi da ba a ɗora masa ruwa, ta biya bankin da shi. Uwar ta ce, "Malam, yaya za a yi bashi ya biya bashi?" Mun yi mata alkawarin amsa a wannan shafi, domin mun san akwai gidaje da dama a ikilisiyoyinmu da ke da ɗa ko 'ya a can, masu aikin jinya ko karatu.

Bari mu fara da bashin kansa. Sunansa obadiraf, wato damar da banki ke ba mai asusu ya ci gaba da cire kuɗi bayan nasa sun ƙare, har zuwa wata iyaka. Daɗinsa shi ne, idan an riga an amince maka, ba ka sake roƙon kowa. Muguntarsa kuma ke nan, gama mutum ba ya jin ranar da ya shiga. Albashi zai shigo ƙarshen wata ya cike ramin, kafin mako biyu an sake komawa ciki.

Daga watan Afrilu na 2020, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, wato FCA, ta hana bankuna ɗora tarar kullum ko ta wata-wata a kan wannan bashi, ta ce kowane banki ya faɗi ruwansa na shekara a fili. Da aka faɗa, sai ga yawancin manyan bankuna sun tsaya kusa da kashi 40 cikin 100. Wannan ya fi ruwan yawancin katunan bashi. Wanda ke zaune cikin ramin fam 2,000 dukan wata, ruwa kaɗai yana cin masa kimanin fam 57 kowane wata, uwar kuɗi kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ban da haka, banki yana da ikon neman kuɗinsa ko rage iyakar a duk lokacin da ya ga dama.

To, ina batun katin? A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin katunan iri biyu ne masu kama da juna. Na farko, wanda aka fi tallarsa, ana ce masa balans tiransfa. Aikinsa kwashe bashin wani kati zuwa wani kati, ba ya taɓa bashin asusun banki. Na biyu shi ne moni tiransfa, wanda kamfanin katin zai zuba kuɗi kai tsaye cikin asusunka, ramin ya cike, bashin ya koma kan katin ba tare da ruwa ba na wasu watanni da aka ƙayyade. Shi ne wanda 'yar'uwarmu ke bukata. Kada kuma wani ya yi dabarar zuwa na'urar cire kuɗi da katin bashi ya ciro tsaba ya zuba a asusu. Irin wannan cirewa ana ɗora mata lada, ruwa kuma yakan fara hawa tun ranar.

Kalmar "babu ruwa" ba ta nufin kyauta. Ana cire ladan tura kuɗin sau ɗaya, galibi tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Mu ɗauki misali da kashi 4 da wa'adin watanni 12. Ladan fam 2,000 zai zama fam 80, bashin ya zama fam 2,080. Idan aka raba shi gida 12, kowane wata zai kama fam 173 da 'yan kai. Wanda ya iya jure wannan, a ƙarshen shekara ya fita sarai da asarar fam 80 kacal, maimakon kusan fam 680 da zai zuba wa banki a matsayin ruwa alhali bashin yana nan daram. A kan wannan lissafi, shawarar abokan aikin nan ba ta banza ba ce, kuma ba mu ga aibu ba ga wanda ya bi ta da idonsa a buɗe.

Amma fa kamfanin katin ba sadaka yake yi ba. Ya san halin ɗan Adam. Kowane wata zai aiko da takarda mai nuna mafi ƙarancin abin da za a biya, wanda a kan irin wannan bashi sau da yawa ba ya wuce fam ashirin da wani abu. Idan mutum ya lallaɓa da fam 25 a wata, shekara za ta cika ya biya fam 300 kawai, saura fam 1,780, daga nan kuma ruwan katin na ainihi ya fara hawa, wanda sau da yawa ya haura kashi 20 cikin 100. Idan kuma ya makara da biya ko da wata ɗaya ne, kamfanin yana iya janye alkawarin rashin ruwan gaba ɗaya, ya ƙara masa tara. Shi ya sa masu hankali ke ba banki umarni ya riƙa cire kuɗin da kansa a ranar da albashi ya shigo. Haka kuma yawancin katunan suna ba da kwanaki 60 ko 90 na farko ne kaɗai don tura kuɗin, sayayya da katin kuwa tana iya zuwa da nata ruwan dabam.

Haɗarin da ya fi ba mu tsoro ba a rubuce yake cikin takardar kamfani ba. Ranar da kuɗin katin suka shiga asusu, ramin ya cike, amma ƙofarsa tana nan a buɗe. Idan ba a nemi banki ya rufe damar obadiraf ɗin ko ya rage ta ƙwarai ba, bayan watanni kaɗan sai a wayi gari da bashi biyu, na kati da na banki. Wanda ba zai iya rufe wannan ƙofa ba, gara kada ya karɓi katin.

Ba kowa ma ake ba shi ba. Kamfanonin suna duba tarihin bashin mutum a wurin Experian, Equifax da TransUnion, sabon zuwa kuwa tarihinsa gajere ne. Ana iya ƙin sa, ko a ba shi iyaka ƙasa da abin da yake bukata, ko wa'adi gajere. Yawan neman kati a jere yana ɓata tarihin, saboda haka a fara da gwajin cancanta da kamfanonin ke bayarwa a intanet, wanda ba ya barin tabo.

Idan kuwa albashin ba zai ɗauki fam 173 a wata ba bayan haya da abinci, to matsalar ta wuce ta kati. Akwai masu ba da shawara kyauta, kamar StepChange da Citizens Advice, da kuma Christians Against Poverty, wadda John Kirkby ya kafa a Bradford a 1996, tana aiki ta hannun ikilisiyoyi. Tun watan Mayu na 2021, a Ingila da Wales, mai ba da shawara irin wannan yana iya nema wa mutum hutun kwanaki 60 da za a dakatar da yawancin ruwa da tara, masu bin bashi kuma su saurara masa. Bankin kansa ana iya zuwa a gaya masa gaskiya a nemi tsarin biya sannu a hankali.

Sauran maganar tamu ce, mu na gida. Lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, da yawa cikinmu muka riƙa lissafa albashin 'ya'yanmu da naira, muka manta hayarsu da kuɗin wuta da na mota da fam suke biya. Kuɗin makarantar ƙanne, bikin aure, jana'iza, rufin ɗaki, har da gudummawar ginin majami'a da mu shugabanni muke aika musu takardarta, duk a wuyan yarinya ɗaya, ita kuwa kunya ta hana ta cewa babu. Da muka zauna da uwar nan muka lissafa abin da aka aiko gida cikin shekarar da ta wuce, sai ya zo kusan daidai da abin da banki ke bi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce kwanon rufin da aka yi niyyar saye kafin damina zai jira, za ta kuma kira 'yar da yamma ta tambaye ta ko wane irin kati ne aka ce ta karɓa, da kuma watanni nawa aka ba ta.