Auren gata a Kano: an sauƙaƙa ɗauri, wa ke gadin igiyar?

A watan Mayun 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta aurar da zawarawa 100 ta hannun hukumar Hisbah. A ƙarshen 2013 an ɗaura aure 1,111 a zama ɗaya. Gwamna Ganduje, wanda ya gaji Kwankwaso kuma ya raba gari da shi a kusan komai, a nan bai saɓa masa ba. A Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura aure 1,800, ta kashe sama da naira miliyan 800, ta biya wa kowace amarya sadakin naira 50,000, ga gado da katifa da kayan abinci da ɗan jari. Shirin da ya ratsa gwamnati uku babu shakka yana amsa wata buƙata ta gaske. Tun a 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta yi shelar fito da zawarawa kan titi don kokawa da yawan saki, Hisbah ta hana. Zanga-zangar ba ta yiwu ba, amma kukan ya shiga kunne.

Sai dai shirin ya ɗauka cewa tsadar shiga aure ita ce cutar. Tana daga ciki. Lefe da kayan ɗaki da gara sun sha ƙarfin iyaye da samari, alhali mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne kawai. Amma matan da aka fara shirin dominsu ai sun taɓa shiga, wasu har sau biyu ko uku. Abin da ya same su ya faru ne bayan an watse daga wurin biki.

Da an taɓo wannan magana sai a karkata kan mata fiye da ɗaya, kowa ya ja daga. Alƙaluman cibiyar Pew na 2019 sun nuna kashi 28 cikin 100 na 'yan Najeriya suna zaune a gidan da ake da kishiyoyi, a tsakanin Musulmi kuwa kashi 40. A Nijar kashi 29 ne. Ke nan ba baƙon abu ake magana a kai ba, haka kakanninmu suka rayu, kuma addini ya halatta bisa sharaɗin adalci. Abin tambaya shi ne me ya riƙe waɗancan gidaje da yanzu babu shi.

Gandu ne ya riƙe su. A gidan manomi, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, hatsi yana rumbu, kowace mace da ɗakinta da ranar girkinta, tana kaɗi ko ƙuli-ƙuli ko kiwon awaki, kuɗinta nata ne. Ƙarin mace ƙarin hannu ne, ƙarin 'ya'ya ƙarin masu riƙe fartanya. Sama da duka akwai tsoho a zaure. Namiji bai isa ya kori matarsa da tsakar dare ba, mahaifinsa na nan, surukansa suna bayan katanga. In ta yi yaji akwai biko, kuma masu zuwa bikon mutane ne da ake jin nauyinsu. Ba wai aljanna ba ce. Kishi da 'yan ubanci sun daɗe a ƙasar Hausa, saki ma tsohon abu ne a wurinmu. Amma macen da aka saka tana da gidan komawa, yaranta kuma suna da kawu da baffa da rumbu.

Yanzu a ɗauko wannan tsari a dasa shi a birni, a unguwar Rijiyar Zaki ko Kurna, a ɗaki biyu na haya, a kan albashi ɗaya ko cinikin Adaidaita Sahu na yini. Kowane baki da ya ƙaru daga aljihu ɗaya zai ci. Mutum ya sami ɗan buɗi, an biya shi bashin albashi ko kasuwa ta yi kyau wata uku, sai ya yi kayan faɗar kishiya ya shigo da amarya. Buɗin ya wuce, auren yana nan. Daga nan rabon kwana ya zama rabon rigima, kuɗin cefane ya zama abin ƙirga, ɗaya daga cikin matan ta tafi, galibi wadda ta fi yawan yara kuma ta fi ƙarancin mai tsaya mata. Dattijon da zai tsawatar yana ƙauye, ko ya rasu, ko shi ma ɗan nasa ke ciyar da shi.

Ba masu mata biyu kaɗai ke saki ba, kuma duk wanda ya zauna a kotun shari'ar Musulunci ya san haka. Akwai mai mace ɗaya da bai taɓa haɗa biyu ba amma ya auri shida, yana saki yana sakewa. Wannan ɓarnarsa ta fi ta mai huɗun da ke ciyar da su. Abin da ya haɗa su duka shi ne saki ba ya cin namiji komai. Shari'a ta ce mace ta yi idda a ɗakinta, ciyarwa a wuyan miji. Ta ba uwa haƙƙin renon 'ya'ya, ta ɗora wa uba ci da sha da suturarsu. A aikace ana miƙa mata takarda, ta kwashe kayanta a ranar, ta koma gidan uban da shi ma da kyar yake. Mun riƙe halaccin ƙarin aure da hannu biyu, hukunce-hukuncen da suka zo tare da shi mun sake su.

Sakamakon yana kan titi. Yarinyar da ke yawo da farantin talla don uwarta ta samu na tuwo, yaron da aka tura almajiranci don matar uba ba ta son ganinsa, bazawara 'yar shekara ashirin da ba ta gama sakandare ba.

A Fabrairun 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali, Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa ana shirya dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure. Aka yi masa ca, wasu na cewa mai mata huɗu ne zai hana talaka biyu. Har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. A ganina hayaniyar ta binne abin da ya fi muhimmanci a cikinsa, wato haƙƙin mace da yara a cikin aure da bayansa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, tun 2004 ta wajabta izinin alƙali kafin ƙarin aure. Ko Kano ba ta je can ba, ta riga ta nuna ana iya sa wa aure ƙa'ida ba tare da an taɓa addini ba: a 2024 ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila, kuma jama'a ba su tayar da ƙura ba. Ita kanta Hisbah ta gindaya wa angwayen auren gata sharaɗin kada su yi saki sai sun zo gabanta.

To me ya sa wannan kariya za ta tsaya ga wadda gwamnati ta saya wa katifa? Ya kamata majalisar dokokin jiha ta wajabta rajistar kowane aure da kowane saki a gaban alƙali ko mai unguwa, a yanke kuɗin idda da na ciyar da yara a ranar da aka rubuta takardar, a cire daga albashi ko cinikin wanda ya ƙi biya. Hisbah kuma ta fito da lissafin auren da ta ɗaura tun 2012, nawa ke raye nawa suka mutu, kafin a ware wasu miliyoyin.