Waƙa da Nahawu wajen Koyon Baƙon Harshe: Darasi daga Ƙasar Haɗejiya



Sau da yawa masu koyon harsuna suna tambaya ko ta wace hanya baƙon harshe ya fi saurin shiga kai, ta waƙa ko ta darasin nahawu. Abin da nake so in nuna a yau shi ne malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan matsala, domin ba su taɓa raba hanyoyin biyu ba, kuma ƙasar Haɗejiya wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari.

Da farko dai, ƙasar nan ba baƙuwar harsuna ba ce. Duk wanda ya bi kwarin kogi daga Auyo zuwa Guri, ya zarce Nguru da Gashuwa, zai ji Hausa da Fillanci da Barbarci da Badanci. Masunci da makiyayi da mai noman fadama sukan tsinci harshen juna a kasuwa ba tare da littafi ba, saboda kullum suna jin sa. Amma Larabci ba shi da kasuwa a nan, haka Ingilishi da ya shigo bayan Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906. Harshen da ba a jin sa a titi tilas ne a nemo masa wata dabara, kuma dabarar da malamai suka riƙa ita ce haɗa waƙa da ƙa'ida.

Mu dubi yadda almajiri ke tashi. Bayan ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, in ya shiga makarantar ilmi, yakan fara nahawu da Ajurumiyya, ɗan littafin zube na Ibn Ajurum mutumin Fas, wanda ya rasu a 1323. In ya yi nisa sai a kai shi ga Alfiyya ta Ibn Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274, watau ƙa'idojin Larabci ne da aka tsara cikin baiti kimanin 1,000. A gefe guda kuma yana rera Ishiriniya ta Alfazazi, malam yana fassara masa kalma-kalma da Hausa. Ko a ƙasarmu an bi wannan tafarki, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe nahawu cikin Bahrul Muhid, ya waƙe sarfu cikin Hisnur Rasin.

To, me ya sa suka wahalar da kansu da waƙe ƙa'ida? Dalili shi ne waƙa tana da kari da amsa-amo, waɗanda suke tsare kalmomi kamar yadda shinge ke tsare gona. In mai rerawa ya yar da kalma guda, kari zai karye, kunnensa ya sanar da shi nan take. Daɗin daɗawa, rerawa tana horar da baki wajen tsawaita wasali inda ya kamata, abin da Bahaushe ya riga ya san muhimmancinsa a harshensa.

Sai dai waƙa ita kaɗai ba ta isa ba. Kowa ya san samarin da ke rera waƙoƙin finafinan Indiya tiryan-tiryan, amma ba za su iya tambayar ruwan sha da harshen ba. Sun adana sauti, ba su mallaki harshe ba. Har ila yau mawaƙi yakan gabatar da kalma ko ya jinkirtar da ita ko ya gutsure ta saboda larurar waƙa, wanda kuwa ya ɗauki wannan a matsayin magana ta yau da kullum zai yi kuskure bai sani ba. A nan ne nahawu ke shigowa. Alal misali, a Larabci in sunan Zaidu ya ƙare da rufu'a cikin jimlar duka, shi ne ya yi dukan, in kuwa ya ƙare da fataha, shi aka daka. Wasali guda ya raba mai laifi da wanda aka zalunta. Haka nan Bahaushe mai koyon Ingilishi yana bukatar a faɗa masa ƙarara cewa a Hausa muna cewa na tafi, zan tafi, aikatau bai sauya ba sai wakilin suna, alhali a Ingilishi shi kansa aikatau yake sauya kama don nuna lokacin da ya wuce.

Manomin fadama ya fi kowa gane wannan. Ambaliya takan kawo ruwa mai yawa, amma in babu magudanai da kunyoyi, ko dai ruwan ya wuce ko ya cinye shuka. Magudanai kuwa in babu ruwa, busassun ramuka ne kawai. Waƙa ita ce ruwan, nahawu shi ne magudanar.

Abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Tun da aka buɗe ƙofar makaranta ga kowa da shirin ilmin firamare na 1976, muna ganin ɗalibin da ya haddace ƙa'idoji ya ci jarrabawa, ya kama aiki, amma ya kasa rubuta wasiƙar ofis mai tsabta. Saboda haka ina ba malamai shawara uku. Su zaɓi waƙa gajera mai sauƙin lafazi. Su fassara ta kalma-kalma kamar yadda ake yi a zaure, su ciro ƙa'ida guda daga cikinta. Sa'an nan su sa ɗalibi ya gina jimlolinsa na kansa a kan kifi da shinkafa da kasuwar garinsu, domin ranar da ya faɗi abin da ba a taɓa rera masa ba, ranar ce harshen ya zama nasa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum.