Masu Ta Da Matattun Batura A Ikeja

A kasuwar nan ta Ikeja da ake kira Computer Village, akwai makanikai waɗanda sana'arsu ita ce ta da batirin kwamfuta bayan ya mutu.

Cikin kowane batir, ban da ƙwayoyin da ke riƙe wuta, akwai wata 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke ƙirga yawan cajin da aka yi masa. In ta hango haɗari sai ta kulle shi, ko da an sa sababbin ƙwayoyi ba zai tashi ba. To, shi makanike yakan kwafo rubutun da ke cikinta, ya mayar da ƙirgen sifiri, ya share alamar kullewa, sa'an nan ya mayar mata.

Amma fa akwai 'yan damfara masu share ƙirgen su bar tsofaffin ƙwayoyi, su sayar kamar sabo. Abin kuwa ba wasa ba ne: cikin 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 don gudun gobara. Saboda haka mai saye ya nemi a nuna masa ƙwayoyin kafin ya biya.