Ɗan Zongon Kumasi Mai Rubuta Labarai a Amurka

Dattawan Tambuwal da Kebbe sun san labarin fataken goro da suka tafi Gwanja, waɗansu ba su komo ba. Zongon Kumasi cike yake da jikokin irinsu. A Kumasi ɗin aka haifi Mohammed Naseehu Ali a 1971. Shi ma bai zauna gida ba, a 1988 ya tafi Amurka karatu. Littafinsa, The Prophet of Zongo Street, ya fito a 2005. Da Turanci ya rubuta, abin da ya ɗan dame ni, gama tsofaffin zongo kaɗan ne za su karanta. Amma mutanen ciki namu ne. Ga Malam Sile mai shayi, ana cin bashinsa ana yi masa ba'a, sai da matarsa ta kama wani mai taurin bashi da kokawa.