Kafin a Loda Geron Gado: Umarnin Gaggawa na Kotu a Damargu

A Damargu rigimar dukiya takan taso ne bayan sadakar arba'in. Uba ya rasu ya bar shago a kasuwar Tanut, da sito cike da gero, da gona a wajen Gangara ko Tarka. Babban wa ke riƙe da makulli, domin tun uban na raye shi ke zuwa Damagaram saro kaya, bisa wata yarjejeniya ta baki da ba wanda ya rubuta. Kwatsam sai ƙanne su ji an ga baƙo yana zagaya gonar, ko motar Agadas ta tsaya a ƙofar sito da tsakar dare.

Shari'ar gado tana cin watanni, gero kuwa dare ɗaya ya isa a loda shi. Saboda haka ne dokar shari'ar farar hula ta Nijar, ta 23 ga Afrilu 2015, ta tanadi hanyar da lauyoyi ke kira refere. Mai ƙara ya je gaban shugaban kotu, a kira ɗaya ɓangaren shi ma ya faɗi tasa, alƙali ya ba da umarni na wucin gadi: a dakatar da ciniki, a tsayar da gini, ko a damƙa kayan a hannun wani amintacce. Ba ya cewa ga mai gona. Wannan sai an zauna shari'ar kanta. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai gaggawa, da ɓarnar da ke shirin aukuwa wadda gyaranta zai yi wuya.

In bashin kasuwanci ne tsakanin ƴan'uwa, dokokin kasuwanci na ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, sun ba da damar a riƙe kayan wanda ake bi. Sai dai wanda ya riƙe ba tare da hukunci a hannu ba, dole ya shigar da ƙarar neman haƙƙinsa cikin wata ɗaya, in ba haka ba riƙon ya faɗi.

Gona tana da tata hanyar. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta sa a fara da sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a rubuta takardar an daidaita ko an kasa. A nan ne mutanenmu ke yin sake. Ana zama a zauren mai gari, a yi magana mai daɗi, a shafa fatiha, kowa ya tashi ba takarda. Ga kuma kwamitocin filaye da aka kafa tun daga ƙauye har zuwa gunduma, masu ba da shaidar gado da ta saye da ta jingina, amma ba a tuna su sai wuta ta kama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunya. Mace mai rabo a gadon takan yi shiru don kada a ce ta kai yayanta ƙara, har sai gonar ta shiga hannu na uku. A ganina umarnin dakatarwa ya fi sauƙi ga zumunci a kan shari'ar ƙwato abin da aka riga aka sayar, domin ba ya tozarta kowa.

Ƴan'uwa na Tanut da Belbeji, in kun ga alamar za a taɓa dukiyar da ba a raba ba, ku tattara takardu da shaidu, ku nemi takardar zaman sulhu, ku isa kotu tun kaya suna cikin sito.